Hagu, tsakiya, dama: wurare uku sun isa a miksin?

Tsohon Hannu: Jama'a, bari in tayar da ƙura. Ni a miksin, wato haɗa muryoyi da kayan kiɗa su zama waƙa ɗaya, wurare uku na sani na ajiye sauti tsakanin lasifika biyu: ƙarshen hagu, tsakiya, ƙarshen dama. Murya da bas (kiɗa mai kaurin sauti) da kik (babbar gangar da ake bugawa da ƙafa) su zauna tsakiya, sauran a kora su gefe. Wannan ɗan murɗa maɓallin karkatar da sauti hagu ko dama kashi 20, kashi 35, wahalar da kai ce.

Ɗalibar Sauti: Haba Oga! Piyano da gita da 'yan amshi duk a cusa su lungu biyu? Ranar nan na saurari wata waƙa da iyafis ɗaya, gitar ta ɓace ɗungurungum.

Tsohon Hannu: Ƙanwata, laifin ɗaya kunnen ne da kika bari a aljihu. Na'urorin miksin da yawa na shekarun 1960 makunni mai matsayi uku kawai gare su, kuma har yau ana jin daɗin faya-fayansu.

Mai Bas: Oga, wannan dole ce ta sa, ba gwaninta ba. Ai a faya-fayan lokacin ne za ka ji murya ita kaɗai a dama, ganguna duka a hagu. Sitiriyo, wato tsarin raba sauti hagu da dama, da injiniya Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a 1931, ai don a ji sauti a ko'ina tsakanin lasifika biyu ne.

Zancen bas kam ina bayanka. Sauti mai kauri, ƙasa da kamar 100 Hz (girgiza 100 a daƙiƙa), tsawon zangonsa ya haura mita 3, kunne ba ya gane inda ya fito sosai. A tsakiya lasifika biyu ke raba nauyinsa. A faifan garmaho kuwa, bas ɗin da ya saɓa tsakanin hagu da dama kan sa allura ta yi tsalle.

Injiniyan Dandali: Ku gwada a mono tukuna, wato a haɗe hagu da dama su zama sauti ɗaya. Idan manhajarka ta miksin na rage 3 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) a tsakiya, duk abin da ka kai ƙarshen gefe zai yi ƙasa da na tsakiya da 3 dB ɗin nan da zarar an haɗe hagu da dama. Ƙananan lasifikan Bluetooth da yawa haka suke yi.

Ɗalibar Sauti: Malam, to dabarar kwafar sautin gita ya zama biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, a jinkirta ɗaya da milisekan 15 fa?

Injiniyan Dandali: A iyafis kamar gaske, faɗi har faɗi. A mono sai sassan sautin su cinye juna, gitar ta koma kamar daga cikin bututu. Gara mai gita ya sake kaɗawa, a sa ɗaya hagu ɗaya dama.

Tsohon Hannu: To ai ka dawo layina ke nan!

Mai Bas: A gita biyu kaɗai. Ƙananan gangunan nan uku da ke gangarowa daga hagu zuwa dama fa, Oga? Ina za ka ajiye su?

Tsohon Hannu: Waɗannan... ina ɗan murɗawa. Kada wanda ya ɗauki hoton saƙon nan.