Iskandariyya a yini guda: a biya ko a haƙura?

Auta: Assalamu alaikum. Shawara nake nema kafin Litinin. Kun san ofishinmu zai tura ni kwas na kwana biyar a Alƙahira cikin Disamba. Rana ta shida babu abin yi, sai washegari jirginmu zai taso zuwa Abuja. Masu shirya kwas ɗin sun aiko da takarda cewa duk mai so ya biya a kai shi Iskandariyya, bas ta ɗauke mu ƙarfe 7 na safe, ta dawo da mu bayan isha'i. A jerin nasu akwai kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom al-Shuƙafa, da ginshiƙin Fompi, da dandalin Rumawa, da ganuwar Ƙaitbai, da ɗakin karatu, da masallacin Mursi, da lambun Muntaza, da cin kifi a bakin teku. Kuɗin daga aljihuna zai fita, kuma ya kusa rabin guzurin da za a ba ni. Jiya a Kubwa Yaya ya ce min asarar kuɗi ne. Ina so in ji ta bakin kowa.

Yaya: Wa alaikumus salam. Na faɗa jiya, kuma ina nan a kan bakana. Irin wannan yawo na yini guda hangen Dala ne, ba shiga birni ba. Auta, yi lissafi da kanka. Tsakanin biranen nan biyu kusan kilomita 220 ne, ya ɗara Abuja zuwa Kaduna. Awa uku zuwa, awa uku dawowa, in cunkoson fita Alƙahira bai riƙe ku ba. A Disamba wajen ƙarfe 5 rana take faɗuwa a can, wuraren tarihin kuma da la'asar suke rufewa. Cire sallah, cire cin abinci, cire jiran wanda ya tsaya ɗaukar hoto. Abin da ya rage bai wuce awa huɗu ba, a raba wa wurare bakwai. Ni na yi irinsa, ba labari na ji ba. Kamfanin da ya kai mu ya ba mu minti ashirin a gindin ginshiƙi, amma muka shafe kusan awa guda a shagon turare, saboda a can ɗan jagoran yake da la'ada. Ko da muka isa ganuwar, masu gadi sun fara haramar rufewa.

Anti: Abban yara, mota ɗaya muka shiga ranar nan, kuma duk abin da ka faɗa ya faru. Shagon turaren nan har yau yana min ciwo. Amma ni ban dawo hannu rabbana ba.

Auta, bari in gaya maka abin da na gani a Kom al-Shuƙafa. Daga waje babu abin burgewa, fili ne a tsakiyar unguwar talakawa. Sunan ma ma'anarsa tudun tsingaro, saboda fasassun tukwanen da masu ziyara na da can suke bari. Sai ka bi wata matakala mai murɗewa ka yi ta sauka, ka tarar da ɗakuna hawa uku an sassaƙe su cikin dutse tun ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. A 1900 aka gano wurin, ana cewa jaki ne ya rufta cikin rami. A bakin wani ɗaki ɗan jagoran ya tsayar da mu, ya haska bango, ya ce mu duba da kyau. Siffar Anubis ce, abin bautar Misirawan da, mai kan dila, amma an sa masa sulken sojan Rum. A gefe ga zane irin na Girkawa. Mutanen da aka binne a nan sun haɗa al'adu uku a kabari ɗaya. Shekara nawa ina koya wa 'yan sakandare cewa Girkawa da Rumawa sun mulki Masar, ban taɓa fahimtar abin da hakan ke nufi a rayuwar mutum ba sai ranar. Da ni kaɗai na sauka, wallahi zan wuce shi ne in ce wani gunki ne kamar sauran.

Yaya: Wannan ai a waya ma za ki karanta.

Anti: Sai ka san akwai abu kake nemansa a waya. Ko ginshiƙin da kake kuka da shi, a minti ashirin ɗin nan muka ji cewa ba shi da wata alaƙa da Fompi, wani jagoran yaƙin Rumawa, Turawan da ne suka laƙaba masa sunan bisa kuskure. Don Sarkin Rum Diyokletiyan aka kafa shi wajen shekara ta 300. Tsawonsa ya kusa mita 27, kuma jikinsa dutse guda ne, ba haɗi ba, tun daga Aswan aka ɗauko shi, can ƙuryar kudancin ƙasar. Mutanen gari Amudus Sawari suke kiransa. Ba ni musun cewa an gaggauta mu. Abin da nake musu shi ne a ce asara ce.

Kawu: Ina gaishe ku daga Jos. Ni tambayata dabam ce. Auta, sau nawa ka zo gidan nan hutu? Ka taɓa shiga gidan tarihin Jos? Tun 1952 yake buɗe, Bernard Fagg ne ya kafa shi. Kawunan yumɓu na Nok suna ciki, waɗanda aka fara tsinta a 1928 wajen haƙar kuza, wasunsu ma sun girmi birnin Iskandariyya kansa. A bayansa ga gine-ginen gargajiya da aka kwaikwaya, har da ganuwar Kano da masallacin Zariya. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Ƙauyen Nok ɗin ma yana nan kudancin Kaduna, ba shi da nisa da ku. Ba ku leƙa na gida ba, za ku kwashi dala ku kai wa na wasu. Wannan shi yake damuna da yaran yanzu.

Auta: Gaskiya ne Kawu, ban taɓa shiga ba, kuma na karɓi laifina. Amma Jos tana nan, in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan zo ka kai ni da kanka. Masar kuwa ban san ranar da zan sake ganinta ba.

Kawu: To na riƙe ka da wannan. Sai abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Shiga kaburburan waɗanda ba musulmi ba don kallo. Lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ratsa Hijr, garin Samudawa, ya hana a shiga wurin sai da kuka. Ustaz, kai ka yi karatu a Masar, me ka ce?

Ustaz: Allah ya ƙara girma, Kawu. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Abin da na fahimta daga malamanmu shi ne ya shafi wuraren da azaba ta sauka a kan mutanensu, kamar Hijr ɗin. Kuma ko a nan, abin da aka hana shi ne shiga da gafala. A ɗaya ɓangaren Alƙur'ani ya umarce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na gabaninmu ya kasance. Wanda ya sauka ramin nan yana shewa, yana jingina da akwatin gawa ana ɗaukarsa hoto, bai kyauta ba. Wanda ya sauka ya ga irin wahalar da mutane suka sha don adana gawarsu, yau ko sunansu babu wanda ya sani, ya fito jikinsa a sanyaye, ina fata ya samu lada. In zuciyar Auta ba ta kwanta ba, yana iya jira a sama, babu wanda zai tilasta shi.

Batun kuɗi kuma, akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. Mu muna ɗalibai jirgin ƙasa muke hawa daga tashar Ramsis, awa biyu da rabi zuwa uku mun isa. Ka sauka a tashar Misr, dandalin Rumawa na Kom al-Dikka yana kusa, da ƙafa ma za ka je. Sauran wuraren ka hau tasi. Sai dai mu muna jin Larabcin kasuwa, mun san yadda ake ciniki da direba. Auta ba ya ji. Baƙon gari makaho ne, kuma ranar da yake da ita ɗaya ce tak. In ya ɓata awa biyu wajen neman hanya da jayayya kan kuɗin mota, tsimin da ya yi bai biya shi ba.

Yaya: Ka ga, Ustaz ma ya yarda akwai mafi araha.

Ustaz: Akwai Yaya, amma ba ga Auta ba.

Gwaggo: Ni duk zancen duwatsun nan bai dame ni ba. Auta ɗana, na ga ka rubuta masallacin Mursi. Ustaz, ba a nan kusa kabarin mai Burda yake ba?

Ustaz: A nan ne, Gwaggo. Fili ɗaya ne. Shehu Abul Abbas al-Mursi ɗan Andalus ne, daga garin Mursiya, shi ya gaji Shehu Shazali, a Iskandariyya ya rasu. Masallacin Imam Busiri, almajirinsa, yana dab da nasa, suna fuskantar tashar ruwa ta gabas. Daga nan zuwa ganuwar Ƙaitbai tafiya kaɗan ce.

Gwaggo: To shi ke nan. Tun muna makarantar allo muke rera Burda, kakarku da ita take lallashin jarirai. A ce ɗan gidan nan ya je awa uku da wurin ya juyo bai yi masa sallama ba? Ka je ɗana, ka yi azahar a can, ka yi masa addu'a. In kuɗi ne zan cika maka.

Kawu: Sallama da addu'a ga mamaci babu laifi. A tsaya a nan dai.

Gwaggo: A nan ɗin muke tsayawa, Kawu.

Anti: Ina so in dawo kan ganuwar, domin ita ce muka rasa, kuma ita ce ta fi dacewa a ba lokaci. Sarki Ƙaitbai ya fara gina ta a 1477, a daidai inda hasumiyar Faros take, wadda ta yi sama da shekara dubu tana haska wa jiragen ruwa hanya, tsawonta ya haura mita 100. Girgizar ƙasa ce ta ci ta a hankali. Ibn Baɗɗuɗa ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya zube, da ya dawo a 1349 ko ƙofarta bai iya kaiwa ba. Wasu daga duwatsunta suna jikin ganuwar, wasu suna kwance a ƙarƙashin ruwa a gindinta, a 1994 masu nutso ƙarƙashin Jean-Yves Empereur, masanin kayan tarihi ɗan Faransa, suka shiga tantance su. Ka tsaya a saman bango, Bahar Rum yana dukan dutse a ƙasanka, gari ya lanƙwasa kamar baka a bayanka. Auta ko teku bai taɓa gani ba, iyakarsa tafkin Jabi. Ko wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan Arewa.

Yaya: Kin faɗi daidai, ita muka rasa. Kuma me ya sa muka rasa ta? Saboda jerin ya yi tsawo. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Dubi takardar Auta. Muntaza tana can ƙarshen gabashin gari, ganuwar tana yamma, duk tsawon titin bakin teku ne tsakaninsu. Ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, wanda bangonsa ke ɗauke da haruffan rubuce-rubucen duniya, shi kaɗai yana cin awa biyu in da gaske ake. Abin da za su yi shi ne su tsaya a waje a ce ku ɗauki hoto. Duk wanda ya jera maka wurare bakwai a yini guda ya san ba zai nuna maka su ba, sunayen yake sayarwa.

Anti: A kan wannan ba mu da saɓani. Laifin jerin ne, ba na tafiyar ba.

Yaya: Jerin shi ne tafiyar. Shi ya biya wa kuɗi.

Ustaz: Ana iya taɓa jerin. Auta, ku nawa ne daga Najeriya a kwas ɗin?

Auta: Mu huɗu ne, uku daga Abuja, ɗaya daga Legas.

Ustaz: To ku haɗa kai ku nemi ƙaramar mota taku da ɗan jagora mai lasisi, maimakon babbar bas. In an raba huɗu bambancin ba ya yawa. Ku zaɓi wurarenku: Kom al-Shuƙafa da ginshiƙin da safe, don suna kusa da juna, sai masallaci da azahar, kifi a nan unguwar, sauran yinin duk a ganuwa. Kafin ku biya su rubuta muku ko tikitin shiga yana cikin kuɗin, domin na baƙi ya fi na 'yan ƙasa tsada nesa ba kusa ba. Su kuma rubuta cewa babu tsayawa a shago. In ranar Juma'a ce ku tambayi me zai kasance a buɗe.

Auta: Asabar ce. Na yi wa abokan tafiyar magana yanzu, biyu sun amince, na Legas ɗin ya ce teku ba baƙonsa ba ne amma yana son kaburburan. Litinin zan rubuta wa masu shiryawa. In sun ƙi cire Muntaza da shaguna, ba zan biya ba, zan yini a Alƙahira in je Azhar. Gwaggo, na gode, amma ki bar kuɗinki, zan iya.

Yaya: Ni dai ban sauya ba, rana ɗaya ba ta isar garin nan. Amma tunda ka ƙudura, ku tashi ƙarfe 6, ba 7 ba, kuma ka ce a kai ku ganuwa kafin ƙarfe 2. Ka zo ka karɓi rigar sanyina kafin ka tafi. Iskar tekun nan a Disamba ta fi ta Jos cizo, kuma ana ruwa.