Kamfaninmu zai je Kanda Myojin a sabuwar shekara, ya zan yi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin kwamfuta kusa da Akihabara a Tokiyo. Ranar da za mu koma aiki a Janairu, ma'aikata gaba ɗaya za su tafi Kanda Myojin, wurin bautar Shinto (addinin gargajiyar Japan), neman albarkar kasuwa, kuma an saka sunana. Addinina nake jin tsoro, amma ba na son su ga kamar na raina su. Ku ba ni shawara don Allah.

Wata Hajiya mazauniyar Yokohama:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara sanin inda za a kai ka. Mutanen wurin suna ƙirga kafuwarsa daga shekarar 730, a 1616 kuma gidan Tokugawa, masu mulkin Japan a lokacin, ya mayar da shi inda yake yanzu don ya tsare birnin Edo, wato Tokiyo ta yanzu. Uku ake bauta wa a ciki: Daikoku da Ebisu, waɗanda 'yan kasuwa ke roƙo, sai Taira no Masakado, mayaƙin da ya yi wa sarki tawaye aka kashe shi a 940. To ka ga ba yawon buɗe ido ba ne. Jagoran bautar zai kaɗa sanda mai fararen takardu a kanku, ya ambaci sunan kamfanin, wakilinku ya miƙa reshen bishiyar sakaki, sannan a rusuna sau biyu, a tafa sau biyu, a sake rusunawa. Zauren da ake yin wannan kada ka shige shi.

Wani ɗalibi a Osaka:
Yaya, ka samu shugabanka tun yanzu, ku biyu kawai. Japanawa ba sa son a ba su mamaki a gaban jama'a. Ka ce za ka jira a waje, ka shiga hoto da cin abinci. Akan miƙa giyar shinkafa bayan an gama, ka yi godiya ka ƙi.

Wani dattijo:
Ni ko harabar ba zan so ka taka ba a ranar, tunda bauta ce ta kai su. In ginin kake son gani, na 1934 ne, da kankare aka yi shi bayan girgizar ƙasar 1923, har ya tsira daga gobarar bama-baman 1945. Ka tambayi malamai a masallacin Tokyo Camii, ɗana.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Ranar Juma'a zan ga liman, Litinin in samu shugaban, in sha Allahu.