Ƴaƴan ɓera ko manya, wanne zan auna?

Ummi_Lab: Salam. Ina digiri na biyu kan ɓerayen da aka cire musu TTR, wato furotin ɗin da hanta ke yi yana ɗaukar T4 (ɗaya daga cikin homon ɗin tayirod) a jini. Malamina ya ce in auna manya masu wata biyu, ni kuma zuciyata na kan ƴan kwana 14 tunda a nan homon ɗin tayirod ke kai ƙololuwa kafin yaye. Kuɗin rukuni ɗaya kacal gare ni, dan Allah wanne zan ɗauka?

Sarkin_Bincike: Ƙanwata ki bar TTR ki koma MCT8, shi ne ke shigar da homon cikin ƙwayar halitta, kuma tun 2004 aka gano lalacewarsa ce ke kawo cutar Allan-Herndon-Dudley, mai tauye ci gaban ƙwaƙwalwa da motsin jiki, a yara maza.

Ummi_Lab: Yaya ai ɓerayen suna keji tuni, ba canza maudu'i na tambaya ba.

Mai_Haƙuri: MCT8 kuka ce? Wallahi shekara guda na ɓata a kansa. An cire wa ɓerayena shi, jini ya nuna T3 (ɗaya homon ɗin tayirod ɗin, wanda ya fi T4 ƙarfin aiki) ya hau T4 ya sauka daidai yadda ake gani a mutane masu cutar, na ce shike nan na gama, sai ga ɓeraye suna tsalle suna hawa keji lafiyarsu ƙalau, ashe a ɓera akwai wani furotin Oatp1c1 da ke tsallakar da T4 zuwa ƙwaƙwalwa a can a mai da shi T3, sai an cire biyun tare ake ganin matsalar tafiya. Ba wanda ya faɗa min. Ana cikin haka firiza ta mutu ranar hutu, samfur ɗina gaba ɗaya ya narke. Har yau in na ji ƙarar firiza gabana faɗuwa yake.

Ɗan_Fara'a: Ɓerayen Mai_Haƙuri sun fi shi koshin lafiya kenan 😂

Hajiya_Dokta: Ummi ki tsaya kan ƴaƴan. Manyan da ba su da TTR T4 ɗinsu na jini ƙasa yake amma suna rayuwa suna haihuwa kamar ba komai, jinkirin girma da na ƙashi a wajen mako biyu ake kama shi. Kuma ƴaƴa sun fi araha, ba ki ciyar da su wata biyu.

Sarkin_Bincike: Araha ina Hajiya? Jinin ɗan kwana 14 ɗan ɗigo ne, sai kin haɗa na da yawa, kit ɗin auna homon ya cinye kuɗin abincin nan har ya wuce.

Hajiya_Dokta: Kai ka taɓa riƙe ɗan ɓera a hannunka ko karatu ne kawai?

Sarkin_Bincike: Karatun ma ai ba kowa ke yi ba ranki ya daɗe.

Mai_Haƙuri: Ku bar gardama, ko wanne ta auna sunan malaminta ne zai zo farko a takardar. Ni da na kwana lab ina awon nauyi da asuba, na huɗu aka saka ni.

Ɗan_Fara'a: Na huɗu? Ni a shafin godiya na tsinci kaina, ƙasan mai gadi.

Ummi_Lab: To ni dai gobe zan ga malamin, me zan ce masa?