Yadda rubutu zai fito tangaran a allon kwamfuta

Abin da kowa ya yarda da shi: a fara duba adadin ɗigon allon, wato ƙananan ɗigogin hasken da ke haɗuwa su ba da hoto. Allon da aka ƙera da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, in an saita shi ƙasa da haka, haruffa sai su yi dishi-dishi. Idan rubutun ya yi ƙanana, a ƙara girmansa zuwa kashi 125 ko 150, a bar ɗigon yadda yake.

Masu Windows su kunna ClearType, wani saitin rubutu mai amfani da ja, kore da shuɗin kowane ɗigo wajen daidaita gefen harafi. Wayar da ke haɗa allo da kwamfuta kuwa, in tsohuwar samfurin VGA ce, a musanya ta da ta HDMI.

Akwai jayayya kan ko a ƙara ko a rage maɓallin kaifin hoto na allon. Ni dai ina bayan masu cewa a rage shi, domin in ya yi yawa, farin zobe ke kewaye baƙaƙen haruffa.