Neman shawara: gefen fuskar ɗana ya kumbura, ko hangum ne?

Wata uwa daga Talata Mafara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai shekara 6 ya yi zazzaɓi da ciwon kai, daga bisani gefen fuskarsa ya kumbura tun daga ƙasan kunne har muƙamuƙi, kuma yana kuka duk lokacin da zai tauna abinci. Kakarsa ta ce hangum ne, a shafa masa bula a dama masa kunun tsamiya, maƙwabciyata kuma ta ce in saya masa antibayotik a kemis. Yana da ƙanne biyu, yana kuma zuwa Islamiyya. Don Allah ku ba ni shawara.

Ma'aikaciyar jinya daga Gusau: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Alamomin sun yi kama da hangum, amma ki kai shi asibiti a duba maƙogwaronsa, domin mashaƙo ma yana kumbura wuya kuma shi yana kisa cikin gaggawa. Idan hangum ne, ƙwayar bairos ce ke kama sashen jiki da ke samar da yawu, saboda haka antibayotik ba zai yi masa komai ba, kuma kumburin kan sauka da kansa cikin kamar kwana 10. Ki ba shi farasitamol daidai da nauyinsa, kada ki ba shi asfirin, ki yawaita masa ruwa, ki riƙa ɗora tsumma mai ɗumi a wurin. Da girmamawa ga Inna, kunun tsamiya da zoɓo da lemo duk a dakata da su, domin abu mai tsami yana tsinka yawu, ciwon sai ya ƙaru. Koko marar tsami, kunun gyaɗa da fate mai laushi sun fi masa. Bula kuwa ba ta magani.

Malamin firamare daga Ƙaura Namoda: Hajiya, ki tsayar da shi daga Islamiyya na kwana 5 daga ranar da kumburin ya fito, a kuma ware masa kofi da cokali, tunda ta yawu da tari ake ɗauka. Ki sa ido a kan ƙannensa, domin cutar kan ɓoye kwana 12 zuwa 25 kafin ta bayyana.

Ma'aikaciyar jinya daga Gusau: Ƙari a kan maganar Malam, idan kika ga wuyansa ya sanƙare, ko yana amai ba tsayawa, ko barci ya yi masa yawa, ko ya ce ba ya ji da kunne ɗaya, ku garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Samarin gidan da suka balaga su fi kiyayewa, domin hangum kan kumbura musu maraina, ko da yake da wuya ya kai ga hana haihuwa. Allurar ƙyanda da ake yi wa jarirai a wata 9 ba ta kare yaro daga hangum, sai dai allurar MMR mai haɗa rigakafin ƙyanda da hangum da rubella, wadda akasari a asibitoci masu zaman kansu ake samunta.

Uwar yaron: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe da safe mahaifinsa zai kai mu a duba maƙogwaron.