Neman shawara: Goggona da marayu huɗu a ƙauyen Tawa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Goggona tana wani ƙauye kusa da Tawa. Ɗanta tilo ya tafi bida Libiya, can ya rasu shekara uku da suka wuce, ko gawarsa ba mu gani ba, waya kawai aka bugo. Matarsa ta bi shi wajen haihuwar auta. Bara kuma mijin Goggo ya cika. Yanzu jikoki huɗu ne a hannunta, ga ido ɗaya ya yi yana. Da na je sallar layya na tarar tana surfa rabin tiya, wai na kwana biyu ne, furar kuwa kamar ruwa. Ni malamin kwantiragi ne a Yamai, jika 10 nake tura mata ta Nita in an biya mu. To wasu 'yan mishan sun zo, sun ce za su riƙa ba da hatsi duk wata da magani, su sa babban yaron lakwal ta kwana a Tawa. Suna neman hotuna da takardun haihuwa. Goggo ta ce abin da na yanke shi ke nan. In karɓa?

Wani Alhaji daga Konni: Kada ka kuskura, ɗana. Hatsi ƙarewa yake yi, tarbiyya ba ta dawowa. Yaron da ya kwana a hannun wasu nasu ne. Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka yake da mai riƙon maraya a Aljanna, kai kuma za ka miƙa ladan ga baƙi? Ka ɗauko babban ka riƙe.

Mai tambaya: Alhaji, ɗaki ɗaya gare ni, da mata da ɗiya uku. Ina zan sa shi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, ka karɓi hatsin. Asibitin Galmi ma na mishan ne tun 1950, iyayenmu nawa aka yi wa aiki can suka komo gida da sallarsu? Kwanan ne kawai za ka ce a'a, yaro ya zauna gaban kakarsa. Autan kuma a kai shi awo, tun 2006 doka ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ko da yake sau da yawa sai a ce ka sayo a waje.

Wata uwa daga Madawa: Hoton nan ne ya tsaya mini a rai. Da maigidana ya rasu wata ƙungiya ta jera yarana a rana, ba takalmi, aka ɗauke su. Buhu ɗaya muka gani. Danginsa kuwa ko sabulu, har akuyata suka kwance.

Wani Alhaji daga Konni: Kun ji ko? Na faɗa. Kuma ina gonar kakansu? Ba ka ambata ba.

Mai tambaya: 'Ya'yan kishiyar Goggo suka raba. Malamai sun ce tunda uban yaran ya riga kakan mutuwa, ba su da gado. Tumunin takaba ma Goggo da uwargidan suka raba shi.

Wani Alhaji daga Konni: To baffanninsu ne, su ya kamata su ci da su! Ka kai su gaban hakimi. Ka je masallacin Juma'a ka yi magana a ba da zakka, ga kaka ta kusa.

Malamin lakwal a Keita: Abokin aiki, kowa ya tsallake maganar takardu. In ba a rubuta haihuwarsu a meri, ofishin magajin gari, ba, sai ka bi ta kotu da shaidu biyu a yi musu takardar hukunci. Da mishan ko babu mishan, ranar jarrabawa za a neme ta. Fara da wannan.

Mai tambaya: Baffannin na yi musu magana sau biyu, ɗaya ba ya ɗaukar wayata ma. Ba zan kai ƙarar 'yan uwa ba, Goggo ce za ta zauna da su, ni ina Yamai. Kuma 'yan mishan ɗin nan ba su ce a canza addini ba, a gabana suka yi bayani. Ni ban ce na yarda da kwanan ba, amma yaron da bakinsa ya ce yana so, ya gaji da kiwon awakin mutane.

Wani Alhaji daga Konni: Ashe ka riga ka yanke, mu kake wahalarwa.

Mai tambaya: Wallahi ban yanke ba, Alhaji. Ranar Lahadi kasuwar Tawa za su komo ta ƙauyen, kuma ko kuɗin mota ban haɗa ba tukuna.