Sabon fistin ya kame cikin awa biyu: wa ya taɓa farfaɗo da tsohon inji mai bugu biyu?

Mai Hayaƙi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda suka taɓa buɗe tsohon babur na tseren ƙasa mai bugu biyu, don Allah ku matso, abin nan ya ɗaure mini kai. Yamaha YZ250 ne ƙirar 1999, ban san hannu nawa ya bi ba kafin ya zo wurina. Da na kawo shi yana tashi amma ba shi da numfashi, kik ɗinsa da hannu ma sai ka danna shi har ƙasa. Na sauke silinda na tarar zobe ya cinye. Na sa sabon fistin da zobe da gaskit, na wanke kaburata, na kuma ɗaura masa salansa mai ƙaton tumbi don ya ƙara ƙarfi.

Ranar farko sai ka ce zai tashi sama da ni. Rana ta biyu ina miƙaƙƙiyar hanya a giya ta biyar, sakin totur ɗina ke da wuya tayar baya ta ƙulle. Allah ya taimake ni na damƙe kuloci. Da na buɗe, gefen fistin da ke kallon salansa ya narke ya shafe jikin silinda, fulogi kuwa fari fat kamar alli. Duka-duka bai yi awa biyu yana aiki ba. Abu ɗaya na lura da shi tun kafin hakan: in na saki totur, injin yakan daɗe yana kuka kafin ya sauko. Wa irin wannan ya taɓa samu, kuma me ya gano?

Tsohon Hannu:

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ai ka ba kanka amsa a ƙarshen maganarka. Injin da ka saki totur ya ƙi saukowa, iska yake sata ta wani wuri. Fistin uku na binne a kan wani tsohon CR250 kafin in yarda da wannan. Duk lokacin da ya kame sai in ce fistin ne ba mai kyau ba, in sayo wani. Na uku ko rabin tanki bai sha ba.

Mai bugu biyu ba kamar mai bugu huɗu ba ne. Cikinsa na ƙasa, inda karanshaf ke juyawa, shi ne huhunsa: can fetur da iska ke fara sauka kafin fistin ya turo su sama. In akwai huda ko ta kai bakin allura, iskar da ba ta bi ta kaburata ba za ta shiga, mai ya yi kaɗan, zafi ya hau. Kuma man da ke shafa fistin a cikin fetur ɗin yake tafe, yunwar ɗaya yunwar ɗayan ce.

Wani dattijo ne ya nuna mini gwajin. Ka cire salansa ka toshe bakin da roba, ka cire kaburata ka toshe da wata robar mai ɗan tiyo, ka sauke fistin ƙasa, ka hura iska da famfon hannu zuwa psi 6. Kada ka zarce, za ka turo sil, wato robar da ke toshe bakin karanshaf, waje. Sai ka zuba wa agogon ido minti biyar. Nawa kafin in ajiye famfon allurar ta kwanta. Na bi ko'ina da ruwan sabulu, shiru, sai da na zare faifan maganeto na ga kumfa na tasowa daga sil kamar bakin kwaɗo. Robar ta bushe, ina taɓa ta da sukuddireba ta dare biyu.

Sil biyu ne a kan karanshaf, kowane da alamarsa. Na gefen maganeto in ya mutu iska yake ja, shi ne mai kashe fistin. Na gefen kuloci man giya yake ja: hayaƙi mai kauri mai wari daban, fulogi baƙi jiƙe, man giya kullum yana raguwa ba ka ga inda ya ɗiga ba. Babur ɗin da ya haura shekara 20, ni ba na ma tambaya, duka biyun nake canzawa.

Mai Awo:

Oga Tsohon Hannu ya faɗi gaskiya. Ni tambayata ɗaya: ka auna kafin ka rufe? Don ban ga lamba ko ɗaya a bayaninka ba.

Silindar wannan ƙirar faɗinta milimita 66.4 ne, kuma ba hannun ƙarfe ne a ciki ba irin na tsofaffin da ake faɗaɗa raminsu da 0.25 ko 0.50 a sa fistin mai girma. Wani siririn shafe ne mai tauri a kan alminiyom. In ya kwaile ko ya yi rami, ba a gyara shi da takardar yashi, sai dai a tura a sake masa shafen. Na taɓa ƙin yin haka saboda ganin ido, zobe ya bi wurin ya gama cinye shi cikin mako biyu.

Tazarar fistin da silinda a irin wannan injin wajen milimita 0.05 ce, amma takardar da ke cikin kwalin fistin ita ce alƙali, domin wanda aka ƙera da bugu ya fi na zubi kumbura, yana son sarari fiye da shi. Ka kuma tura zoben shi kaɗai cikin silinda ka zura fila geji, siririn ƙarfen auna tazara, a bakinsa. In bakin ya matse, da ya ɗau zafi zai haɗe ya kankare bango.

Sannan ka karanta tabon. Naka ka ce gefen salansa ne kaɗai, wannan zafi ne da yunwar mai. Nawa na farko tabo huɗu ne, biyu gaba biyu baya, kamar an zana da rula. Laifina ne: na tayar da shi da sassafe na murɗe totur kafin ruwan lagireto ya yi ɗumi, fistin ya kumbura ya bar silinda a baya.

In kana neman ƙarfi na gaske, dubi tazarar da ke tsakanin gefen kan fistin da murfin silinda. Ka lanƙwasa dalmar walda ka zura ta ramin fulogi har ta taɓa bango, a saitin fil ɗin fistin, ka juya injin da hannu ya matse ta, ka auna kaurin. Nawa na samu 1.9. Na kai aka rage ya dawo 1.2, aka kuma ɗan rarake tsakiyar murfin don matsi kada ya yi yawa. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani ta ɓace, kuma babur ɗin ya riƙa amsawa tun daga ƙasa.

Sarkin Gaggawa:

Ni ku bari in ba ku nawa ku yi dariya, don yanzu ni ma dariyar nake yi. Na ji ana cewa ƙarfin mai bugu biyu a tagoginsa yake, wato ramukan jikin silinda da mai ke shiga, hayaƙi ke fita ta cikinsu. Sai na ɗauki magagari da ɗan injin gurza na zauna wa silindar RM125 ɗina dare guda. Na ɗaga tagar hayaƙi da kusan milimita 2, na faɗaɗa ta hagu da dama, na goge ta har ina ganin fuskata.

Da na haɗa, kuka dai ba a magana. Amma a ƙasa ya mutu murus. Ko ɗan tudu na tunkara sai na ƙona kuloci, in ƙarfin ya zo kuma a lokaci guda yake zuwa kamar an hankaɗo ka daga baya. Abin da ban sani ba, in ka ɗaga tagar hayaƙi tana buɗewa da wuri, wutar ba ta gama tura fistin ba ta tsere. Ka samu a sama, ka rasa a ƙasa. Kwana huɗu ya yi. Tagar ta yi faɗi, ban kuma kashe kaifin bakinta ba, zobe ya leƙa ciki ya maƙale ya karye. Gutsurensa ya yi rawa a kan fistin har murfin silinda ya koma kamar an sassare shi da tsinin ƙusa. Ƙarfen da ka gurje ba ya dawowa, wata silindar na nema.

Ɗan Tuti:

Ni fa ban gama yarda iska ce kaɗai ba. Malam Mai Hayaƙi ya canza salansa bai ce ya taɓa jet ba, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kaburata. Salansar da ta fi zuƙa tana iya neman ƙarin mai, kuma in aka sa sabon zobe matsi ya dawo, jet ɗin da tsohon inji ke lallaɓawa da shi ba lalle ya isa ba. Ku lura da lokacin da ya kame: yana sakin totur a guje. A wannan lokacin injin na juyawa da gudu amma ƙaramin jet kaɗai ke ba shi mai. In ƙaramin ya yi ƙanƙanta ko ya ɗan toshe, fistin a bushe yake gudu.

Yadda nake bi: ƙaramin jet da sukurun iska su ke riƙe da injin daga tsaye zuwa kwatan totur. Ina fara sukurun a juyi ɗaya da rabi. In sai na fito da shi fiye da biyu da rabi kafin injin ya daidaita, jet ya yi girma. In ƙasa da ɗaya, ya yi ƙanƙanta. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu aikin allurar kaburata ne, kuma nan aka fi zama. Ka sauke ɗan makullinta mataki ɗaya, allurar ta ɗaga, mai ya ƙaru. Babban jet sai an buɗe totur gaba ɗaya. Kullum daga ƙoshi nake farawa in sauko, abu ɗaya a lokaci ɗaya, ina rubutawa a bangon gareji. Lokacin sanyi iska ta fi nauyi, injin na neman ƙarin mai. A kan tsauni ko cikin tsananin zafi akasin haka.

Kuskurena ni a wurin haɗin mai ne. Bayan wani gyara na ce bari in tausaya wa injin, na tashi daga haɗin fetur da man tuti 32:1 na koma 20:1. A lita 5 na fetur, tuti ke nan daga wajen mililita 156 zuwa 250. Ashe ramin jet bai ƙaru ba, tuti ya cinye gurbin fetur, injin ya ƙara yunwa. Bai kame ba, amma fulogin ya faɗa mini. Ka zaɓi haɗi ɗaya ka tsaya a kai, sannan ka daidaita jet.

Tsohon Hannu:

Ɗan Tuti, ba mu saɓa ba, jeri ne kawai. Wanda ya daidaita jet a injin da ke satar iska yana awo ne da mudu mai huda: yau daidai, gobe hudar ta ƙaru. A toshe tukuna.

Batun salansa kuwa, yara na ɗauka bututu ne kawai. Wannan tumbin yana mayar da amon hayaƙi baya, ya tura man da ya fara tserewa ya koma silinda dab da rufewar taga. Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ne ya gwanance a kansa tun shekarun 1950, har direbansa Ernst Degner ya tsere a 1961 ya koma Suzuki, ya ci kambun duniya na ajin 50cc a 1962. Kowane tumbi da gudun injin da aka auna shi a kai. Wanda aka yi don filin tsere ba zai yi maka daɗi a cikin duwatsu ba.

'Yar Gareji:

Yayyena, kun bar abu mafi sauƙi. KX250 ɗin da muka gyara ni da ƙanena, mun yi niyyar kai silinda a gurza, sai na buɗe murfin bawul ɗin hayaƙi, wanda Kawasaki ke kira KIPS, Yamaha kuma YPVS. Baƙin gawayi ya daskare a kansa kamar kwalta, ko motsi ba ya yi, ya tsaya rabi a buɗe. Wuni guda na yi ina jiƙawa ina kankarewa da buroshin waya. Aikinsa ya rage tagar hayaƙi a ƙaramin gudu ya buɗe ta a babba, wato abin da Sarkin Gaggawa ya nema da magagari, kamfani ya riga ya saka. Na ɗaga rid, wato bawul mai siraran harsuna da ke tsakanin kaburata da inji, na kalli haske, harshe ɗaya ya ɓalle a baki, shi ya sa yake wahalar tashi. Audugar cikin wutsiyar salansa kuma ta jiƙe da mai ta dunƙule, muka sake ta. Ba mu gurji komai ba, ƙanena ya hau ya dawo yana tambaya ko jet na canza.

Kuma Malam Mai Hayaƙi, in sil ne, ka tambayi abin da ya kashe shi. Kama faifan maganeto ka girgiza sama da ƙasa. In ka ji ko ɗan ƙwas, boris ɗin karanshaf ya tafi, sabon sil ma ba zai daɗe ba. Mu boris a firiza muka kwanar da su, muka ɗumama gidan injin, suka faɗa da kansu ba guduma. Makullin fil ɗin fistin kuma kada ka maimaita tsoho, bakinsa ya kalli sama ko ƙasa.

Mai Hayaƙi:

Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto. Na haɗa abin gwajin da famfon keke da agogon awon iska. Daga 6 ya faɗo 2 kafin minti ɗaya. Kumfa a bayan maganeto kamar yadda Baba Tsohon Hannu ya faɗa, sannan ga wata tsaga a ƙarƙashin robar wuyan kaburata, wadda ba a gani sai an lanƙwasa ta. Na girgiza faifan, Anti 'Yar Gareji, ƙwas ɗin yana nan. Ƙaramin jet kuma da na ɗaga shi a rana, rabin ramin a toshe yake duk da wankin da na ce na yi, don haka Ɗan Tuti ma bai faɗi ƙasa ba.

Jiya na raba injin biyu. Shafen silinda ya kwaile a saman tagar hayaƙi, faɗin farce, na naɗe ta za ta tafi a sake mata. Salansa mai tumbi na rataye ta a ƙusa, da ta asali zan fara. Oga Mai Awo, dalmar da zan auna da ita, mai kaurin nawa zan nema, kuma gefe ɗaya ake matsawa ko duka biyu?

Mai Awo:

Wadda ta ɗan fi tazarar kauri, kamar milimita 2 ko 2.5, mai taushi. Duka gefe biyu a lokaci guda, in ba haka ba fistin zai karkata ya yi maka ƙarya. Ka ɗaure murfin da gaskit ɗin da za ka yi aiki da shi, ka auna sau uku, ka turo mana lambobin kafin ka bari kowa ya sa masa wuƙa.